Ɗaukar wasan Shata a bainar jama'a

Ɗaukar wasan bainar jama'a ita ce naɗar waƙa a filin biki ko taro maimakon sutudiyo, kuma ta wannan hanya aka adana da yawa daga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata Katsina (1923–1999). Shata ba ya rubuta waƙa. Nan take yake ƙago baiti idan ya hango wanda ya shigo fili, 'yan amshi su karɓa, kalangu ya bi. Shi ya sa waƙarsa Bakandamiya ta zo da siga fiye da ɗaya, kowane kaset da abin da babu a ɗan'uwansa.

Masu suka na cewa sautin ya dusashe, ga guɗa, ga hayaniyar masu liƙi, ga kaset da aka yi ta kwafa har kalangu ya shaƙe. Haka ne, amma hayaniyar nan ce ke nuna wanda ake yi wa waƙar da dalilin sauya baiti. A ƙasar Norway ma, masoya wani salon kiɗa da ake kira black metal suna ɗaukaka faifan Live in Leipzig na ƙungiyar Mayhem, wanda aka naɗa a 1990 aka fitar a 1993, duk da kaushin sautinsa, domin yana cikin 'yan faya-fayan da suka adana muryar mawaƙinsu Dead, wanda ya mutu a 1991.