Allura da Zare a Arewacin Kaduna: Nazari kan Ɗinkin Hannu Tsakanin Sha'awa da Sana'a

Gabatarwa

Ranar Juma'a a Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki, da wuya a ga magidanci ba da hula mai aiki ba, wasu kuma har da babbar riga mai aska. Tun da Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917 take tara ma'aikata da 'yan siyasa da attajirai masu son ado. Wannan nazari ya dubi kayan aikin ɗinkin hannu, da masu yin sa, da dalilin da ya sa garin da ke sayen aikin allura da tsada bai wadata masu riƙe da allurar ba.

Hanyoyi biyu na ɗinki

A Turai da Amurka akwai ɗinkin da ake yi don hutawa kawai. Ana sayen ƙyalle mai kauri da aka saƙa da ramuka kamar rariya, sau da yawa rami 10 zuwa 18 a kowane inci, da allura marar tsini, da zaren ulu. Mai ɗinki yana bin ramukan ne ɗaya bayan ɗaya har hoto ya fito. Salon ya bazu ne a farkon ƙarni na 19, lokacin da 'yan kasuwar Berlin suka riƙa buga zane a takarda mai gidaje suna sayarwa.

Ɗinkin Bahaushe ya bi wata hanya dabam. Ba a ƙirga rami. Mai zane ne ke shimfiɗa saƙi ko shadda, ya zana aska biyu ko aska takwas, da tambari da dagi, da alƙalami da tawada. Daga nan mai ɗinki ya bi layin da allura mai tsini. A aikin hula kuwa, akan huda ƙyallen da tsinke, a kewaye kowace huda da zare har ta zama ido. Saboda haka gwanintar ta kasu gida biyu: ilimin zane yana kan mutum ɗaya, haƙurin cikewa yana hannun wani.

Kayan aiki

A da, zaren ƙawa iri biyu ne ya yi fice: tsamiya, wadda ake samu daga gidan wata tsutsar daji, da alharini mai launin ja da fatake ke ketowa da shi ta Sahara. Yau kuwa mai neman zare da allura a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci zai tarar mafi yawansu daga ƙetare aka shigo da su, haka ma shaddar. Abin takaici, a tsallaken kogi, a Kakuri, masaƙar KTL ta fara aiki a 1957 tana sarrafa audugar Arewa, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL kuma ta tsaya a 2007. Sakamakon haka, duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kuɗin zare kan tashi, amma ladan ɗinki ba ya bin sa da sauri.

Su wa ke riƙe da allura?

Asali aikin maza ne, musamman malamai da almajirai, domin hannun da ya saba da rubutun allo bai rasa iya zane ba, kuma ana iya ɗinki a zaure ana sauraron karatu. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi bincike mai zurfi kan wannan a shekarun 1970. Daga baya Elisha Renne ta nuna yadda matan birnin Zariya suka shiga ɗinkin manyan riguna daga cikin gidajensu, har aka kafa ƙungiyar masu ɗinki ta Queen Amina a 1994. Zariya ba ta da nisa da Kaduna, don haka aikinta kan gangaro kasuwannin garin, kamar yadda hulunan Barno ke zuwa.

A unguwanni irin su Kawo da Badarawa da Tudun Wada, nan sha'awa da sana'a suke haɗuwa. Budurwa takan yi wa zanen gado da rigar filo fure don kayan ɗakinta, matar aure kuma ta ɗauki hula bayan ta sauke tukunya. Aikin yana kwantar da hankali, amma ƙarshensa kasuwa ce. Hula ɗaya mai cikakken aiki kan ci makonni, babbar riga kuma watanni. Kafin ta kai ga mai sawa, sai ta bi ta hannun mai wanki ko mai bugu, da dillali, da mai shago. Wanda ya fi kowa daɗewa a kanta shi ne ya fi kowa ƙaramin rabo: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Barazanar inji

Keken surfani, sannan injin kwamfuta, suna gama cikin yini abin da hannu ke yi a wata. Duk da haka masu ido suna bambance aikin hannu, suna kuma biyansa. Babban haɗarin yana ga masu zane: yawancin fasalin riguna da sunayensu a ka suke, kuma in tsoho ya rasu bai koyar ba, sun tafi ke nan.

Kammalawa

Wannan fasaha ba ta rasa masu saye ba. Adalci da adanawa ta rasa. Gidan Arewa da Gidan Tarihi na Ƙasa da ke kan Titin Ali Akilu sun dace su tattara zane-zanen nan da sunayensu daga bakin masu su. Masu ɗinki, musamman mata, su haɗu cikin ƙungiyoyi su sayi zare a sari, su sayar da aikinsu kai-tsaye. Kai kuma mai saye, ka tambayi wanda ya ɗinka hular da ke kanka, ka biya shi haƙƙin guminsa.