Ƙofofin Hafsanci a Rundunar Sojan Ruwan Amurka

A ranar 1 ga Disamba, 1842, an rataye mutum uku a kan jirgin yaƙin Amurka mai suna Somers, yana tsakiyar teku a hanyarsa ta komawa gida daga gaɓar Afirka ta Yamma. Ɗaya daga cikinsu, Philip Spencer, matashi ne mai koyon hafsanci, kuma ɗa ne ga Sakataren Yaƙi na ƙasar. Kyaftin ɗin jirgin, Alexander Slidell Mackenzie, ya zarge su da ƙulla tawaye, ya zartar da hukuncin ba tare da an kai su kotun soja ba. Lamarin ya girgiza ƙasar, ya kuma ƙarfafa hujjar masu cewa bai kamata a ci gaba da jefa yara cikin jirgi su koyi shugabanci ta hanyar kallon manya kawai ba. Bayan shekara uku, ranar 10 ga Oktoba, 1845, Sakataren Sojan Ruwa George Bancroft ya buɗe makarantar horar da hafsoshi a wani tsohon barikin soja da ke Annapolis, a jihar Maryland, da ɗalibai 50 da malamai 7.

Daga nan har kusan ƙarshen ƙarnin, maganar hafsan ruwa a zaman lafiya maganar Annapolis ce. Ana shiga da ƙuruciya, a yi shekara huɗu ana karatun lissafi da tuƙin jirgi da harba igwa, a fito an san juna ciki da waje. Wanda ya fito daga can ya ɗauki aikin a matsayin sana'ar rayuwa, kuma manyan muƙamai nasa ne da abokan ajinsa. Tsarin ya samar da ƙwararru, ba shakka, amma yana da aibi guda babba: ba ya iya faɗaɗa cikin gaggawa. Ana iya ƙera jirgi cikin watanni, hafsan Annapolis kuwa sai ya cika shekarunsa.

Wannan ne ya sa aka kafa rundunar ko-ta-kwana ta sojan ruwa ranar 3 ga Maris, 1915, lokacin da yaƙi ke ci a Turai. A 1926 kuma aka kai horon hafsanci cikin jami'o'in farar hula guda shida: Harvard, Yale, Northwestern, Georgia Tech, Jami'ar Washington da Jami'ar California ta Berkeley. Ɗalibi yana karatunsa na digiri, yana haɗawa da darussan sojan ruwa da fareti, idan ya gama a ba shi muƙamin ƙaramin hafsa na ko-ta-kwana, ya koma harkarsa ya jira kira. Tun daga lokacin, haruffan da ke bin sunan hafsa suka fara nuna asalinsa: USN ga na dindindin, USNR ga na ko-ta-kwana. Ingila ma a wancan lokacin tana da irin wannan bambanci, har ya fi fitowa fili, don igiyar da ke hannun rigar hafsoshinta ƴan sa-kai lanƙwasasshiya ce, ta na dindindin kuwa miƙaƙƙiya.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya gwada tsarin gaba ɗaya. A 1940, tun Amurka ba ta shiga yaƙin ba, aka ƙirƙiro shirin V-7 don ɗaukar matasan da suka yi karatun jami'a a mayar da su hafsoshi cikin ƴan watanni. An buɗe makarantu a jami'o'in Columbia da Northwestern da Notre Dame, har da wani tsohon jirgin yaƙi da aka ɗaure a gaɓar New York aka sa masa suna Prairie State, ya zama aji da ɗakin kwana. Tsofaffin ma'aikatan jirgi suka riƙa kiran waɗannan sababbin hafsoshi ƴan kwana 90, kuma ba don yabo suke faɗa ba. A Yulin 1943 aka ƙara da shirin V-12, wanda ya bazu a manyan makarantu 131, mutum sama da 125,000 suka bi ta cikinsa. Ita kanta Annapolis sai da ta rage karatunta zuwa shekara uku. Da yaƙi ya zo ƙarshe, rundunar tana da mutum sama da miliyan 3, kuma mafi yawansu, hafsoshi da ƙananan sojoji, ƴan ko-ta-kwana ne.

Ƙorafin tsofaffin hannu ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Wanda bai taɓa ganin teku ba sai bayan an ɗaura masa anini zai yi kuskure, kuma kuskuren hafsa a teku rayukan mutane yake ci. Amma abin da ya faru ranar 25 ga Oktoba, 1944, kusa da tsibirin Samar a ƙasar Filifin, ya isa a tsaya a kansa. Da safiyar ranar, babbar rundunar Japan ƙarƙashin Admiral Takeo Kurita, ciki har da katafaren jirgin nan Yamato, ta afka wa wani ƙaramin ayarin jiragen Amurka da ba a tanade shi don irin wannan karo ba. Cikin ƙananan jiragen da suka juya suka tunkari abokan gaba akwai Johnston, wanda Ernest Evans ke jagoranta. Evans ɗan Annapolis ne, ajin 1931, kuma jinin ƴan asalin ƙasar Amurka ne. Akwai kuma Samuel B. Roberts, jirgin rakiya da bai kai Johnston girma ba, ƙarƙashin Robert Copeland, lauya daga garin Tacoma wanda ya sami hafsancinsa ta horon Jami'ar Washington. Jiragen biyu sun yi faɗa har suka nutse. Evans ya rasu a ranar, aka ba shi lambar yabo mafi girma ta ƙasar bayan mutuwarsa. Copeland ya tsira, shi ma aka karrama shi. Kurita ya janye. A wannan safiya babu wanda ya isa ya bambance aikin mai USN da na mai USNR.

Ƙofar ko-ta-kwana ta yi wani aikin da ba a cika ambata ba: ta nan waɗanda aka rufe wa babbar ƙofa suka fara shiga. A 1942 aka kafa sashen mata cikin rundunar ko-ta-kwana ƙarƙashin Mildred McAfee, ana horar da hafsoshinsu a Kwalejin Smith da ke Massachusetts. A can ne Grace Hopper, wadda daga baya ta yi fice a fagen kwamfuta, ta sami muƙaminta a 1944. A watan Maris na shekarar, a sansanin Great Lakes, aka ba baƙaƙen fata 13 muƙamin hafsa. Su 16 ne suka yi kwas ɗin kuma duk sun ci jarrabawa, amma 13 kaɗai aka ɗauka, sannan aka tura su ƙananan jiragen tasha da aikin horarwa maimakon manyan jiragen yaƙi. Samuel Gravely, wanda ya bi ta V-12 da makarantar Columbia, shi ne baƙin fata na farko da ya kai muƙamin admiral, a 1971. Annapolis ba ta yaye baƙin fata ba sai a 1949, wato Wesley Brown, mata kuwa ba su shiga ba sai a 1976. Abin takaici ne a ce makarantar da ta fi kowace daraja ita ce ta fi jinkiri.

Cikin shugabannin Amurka shida da suka yi aikin sojan ruwa, biyar ƴan ko-ta-kwana ne: Kennedy, Johnson, Nixon, Ford da Bush babba. Jimmy Carter kaɗai ya fito daga Annapolis.

Bayan yaƙi, tambayar da ta taso ita ce ko a faɗaɗa Annapolis ko a gina mata kishiya. Kwamitin da Admiral James Holloway ya jagoranta ya zaɓi hanya ta uku, aka sa hannu a kan dokarta a Agustan 1946. Gwamnati za ta biya wa zaɓaɓɓun ɗalibai kuɗin karatu a jami'o'i 52, da alawus na dala 50 a wata, su fito da muƙamin dindindin daidai da na ɗan Annapolis. A ganina wannan ne mataki mafi muhimmanci a duk tarihin, don shi ya raba asalin makaranta da nau'in muƙami. Da yaƙin Koriya ya ɓarke, aka buɗe makarantar masu neman hafsanci a Newport, jihar Rhode Island, a 1951, ta gaji aikin V-7: a ɗauki mai digiri a horar da shi cikin ƴan watanni. Makarantar ta koma Pensacola a 1994, ta dawo Newport a 2007, kuma kwas ɗinta yanzu mako 13 ne.

Duk da haka, kujerar ƙoli ta daɗe a hannun ƴan Annapolis. Sai a 1994 aka naɗa Jeremy Boorda babban hafsan sojan ruwa, mutumin da ya shiga aikin a matsayin kurtu ya bi ta Newport. A 2023 Lisa Franchetti, wadda ta sami hafsancinta a Northwestern, ta zama mace ta farko a kujerar. A ɓangaren doka ma katangar ta riƙa zaizayewa, har daga 2005 aka koma ba duk hafsan da ke cikakken aiki muƙamin dindindin, ko ta wace ƙofa ya shigo.

Saura rukuni guda, wanda shi ya fi jawo muhawara a shekarun baya-bayan nan. Rundunar ko-ta-kwana tana ɗaukar ƙwararrun farar hula kai tsaye: likitoci, injiniyoyi, masanan tattara bayanan sirri, jami'an kayan aiki da na hulɗa da jama'a. Ana rantsar da mutum a ba shi muƙami tun kafin ya je horo, ya ci gaba da aikinsa na gida, yana zuwa atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara. Na tsawon lokaci, horon farko na irin waɗannan mako biyu ne kacal, alhali takwarorinsu masu cikakken aiki suna yin mako biyar. Hujjar ita ce sun zo da sana'arsu a hannu, abin da ya rage su koyi doka da ɗabi'ar soja. Kuma ba a ba su jagorancin jirgin yaƙi. Hafsoshin ko-ta-kwana masu tuƙa jirgi ko tashi sama galibinsu sun yi shekaru a cikakken aiki kafin su sauya sheƙa.

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, hujjar mako biyu ta yi rauni. An riƙa kiran ƴan ko-ta-kwana ɗai-ɗai ana tura su Iraƙi da Afghanistan, sau da yawa nesa da kowane teku, cikin rundunonin sojan ƙasa. Pete Buttigieg, wanda ya sami irin wannan muƙami a 2009, ya ɗauki hutu daga kujerarsa ta magajin garin South Bend a 2014 ya tafi Afghanistan. Hafsan da za a ɗora wa nauyin ƙananan sojoji a irin wannan wuri yana bukatar fiye da sanin gaisuwar soja da sa kaki daidai. A 2019 rundunar ta soke kwas ɗin mako biyu, ta haɗa kowa a na mako biyar a Newport. Matakin yana da tsada ga likita ko injiniyan da zai bar wurin aikinsa fiye da wata guda, amma daidai ne, kuma ya kamata a ce an ɗauke shi tun farkon waɗancan yaƙe-yaƙe.