Wa Ke Duba Hanyar Ruwa Kafin a Aza Tubali? Nazari kan Amincewa da Tsarin Hana Zaizayar Ƙasa a Yankin Fakuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dokokin da suka shafi tantance tsarin hana zaizayar ƙasa a wuraren gine-gine, ta kuma auna su da yanayin Fakuwa da ƙauyukan Kankiya da Kusada a Jihar Katsina. An bi hanyar nazarin takardun doka. An gano cewa dokokin sun fi karkata ga manyan ayyuka, alhali ɓarnar da ke cin gonaki a karkara daga ƙananan ayyuka take farawa. Maƙalar ta ba da shawarar a dawo da matakin farko na tantancewa hannun ƙaramar hukuma.

Gabatarwa

Ƙidayar 2006 ta nuna Kankiya na da mutane kimanin dubu 151, Kusada kuwa kimanin dubu 99, kuma akasarinsu manoma ne. Ƙasar yankin jigawa ce mai rairayi, ba ta da danƙon da zai riƙe ta idan ruwa ya taso mata da ƙarfi. Damina gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, ta fi tsanani a Agusta. Ruwan farko yakan tarar da ƙasa tsirara, bayan an kwashe kara da harawa, dabbobi kuma sun lashe abin da ya rage.

A irin wannan ƙasa kowane gini yana sauya wa ruwa hanya. Rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100, idan aka yi ruwan milimita 30, zai zubo da lita 3,000, wato duro 15, kuma duk ta indararo zai sauka wuri guda. Idan gidaje ashirin suka tura nasu cikin lungu ɗaya, lungun ya zama ƙorama. Tambayar binciken ita ce: wa doka ta ɗora wa nauyin duba inda wannan ruwa zai bi kafin a fara aiki?

Abin da Dokoki Suka Tanada

Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli, mai lamba 86 ta 1992, ita ce ginshiƙi. Sai dai jerin ayyukan da ta wajabta wa cikakken bincike na manya ne: rukunin gidaje, alal misali, sai ya kai hekta 50. A 2011 aka fitar da ƙa'idoji biyu a ƙarƙashin hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ɗaya kan zaizayar ƙasa da ambaliya, ɗaya kan harkar gine-gine. Ƙa'idoji ne masu kyau a takarda, amma hukumar ta tarayya ce, idonta ba zai kai ga kwalbatin da ake haƙawa a bayan Fakuwa ba.

Dokar tsara birane da yankuna, mai lamba 88 ta 1992, ta tanadi hukumar tsare-tsare a matakai uku, har da na ƙaramar hukuma. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar Jihar Legas da gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A Katsina hukumar tsara birane ta jiha ce ke ba da izinin gini, kuma aikinta ya fi ƙarfi a manyan garuruwa.

Duk da haka ƙaramar hukuma ba ta rasa madafa ba, kuma wannan ne abin da aka fi mantawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a filayen da ba na birni ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukanta. Wanda ke ba da fili kuma yake kula da lambatu, shi ya fi cancanta ya tambayi mai gini ina ruwansa zai sauka.

Inda Ɓarna Take Farawa

Abubuwa uku ne suka fi haifar da kwazazzabo a wuraren aiki. Na farko, kuma mafi muni, shi ne kwalbatin da ba a yi wa mafita ba. Ɗan kwangila ya tara ruwan gonaki da yawa ya matse shi a bututu guda, ya sake shi kan rairayi ba tare da an shimfiɗa duwatsu a bakinsa ba. Idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfinsa na ninkawa huɗu. Ramin da ya fara a bakin kwalbati yana ci ne da baya-baya, kowace damina yana ƙara kusantar hanyar da aka gina shi dominta, yashin da ya kwasa kuma ya je ya binne fadama ko ya cike madatsar ruwa. Manomin da ke ƙasa, wanda ba a taɓa shawartarsa ba, shi ke biyan kuɗin kuskuren.

Na biyu shi ne ramin da aka ɗebi burji ko ƙasar gini aka bar shi a buɗe, da yashin da tifofi ke kwasa daga gaɓar rafi. Na uku, yanka fuloti a kan tsohuwar hanyar ruwa. Mai unguwa da dagaci sun san inda ruwa ya bi a shekarun da aka yi damina mai nauyi, amma sa hannunsu a takardar ciniki shaida ce ta iyaka da mallaka kawai, ba ta hanyar ruwa ba. Ilmin yana ƙauye, hatimin yana birni.

Jihar ta riga ta ga abin da ruwa ke yi idan ya rasa mafita: ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ta hallaka mutane fiye da 40. Shirye-shiryen Bankin Duniya, NEWMAP da aka kammala a 2022 da kuma ACReSAL mai dala miliyan 700 da aka amince da shi a 2021, sun fi mai da hankali kan gyaran manyan wurare. Gyaran kwazazzabo kuwa ya fi tsadar hana shi aukuwa.

Shawarwari

A Jihar Maryland ta Amurka, tun 1970 doka ta hana ba da izinin share filin gini sai hukumar kula da ƙasa ta gunduma ta amince da tsarin tare laka. Abin ɗauka a nan shi ne kusancin mai dubawa da filin, ba yawan takardu ba.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne majalisun Kankiya da Kusada su kafa dokar cikin gida da za ta buƙaci tsari mai shafi ɗaya, da Hausa, ga duk kwalbati, rukunin fuloti, makaranta, kasuwa ko wurin ɗibar yashi. Tsarin ya nuna inda ruwa ke shigowa, inda zai fita, da abin da za a tare ƙasa da shi: duwatsu, buhunan yashi, ko jerin gamba da jema waɗanda manoma suka daɗe suna shukawa a iyakokin gonaki. Injiniyan sashen ayyuka da malamin gona su je wurin da ƙafarsu, dagaci da maƙwabcin da ke gangare su sa hannu. Kada a biya ɗan kwangila kashin ƙarshe sai aikin ya ga damina ɗaya.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024 ya umarci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Muna kira ga shugabannin majalisun biyu da kansilolinsu su ware wa wannan aiki jami'i da babur tun kafin ruwan Yuni ya sauka.