Tsofaffin fina-finan Kung Fu: Daga kaset zuwa faifan zamani

Fina-finan da masu kallo a ƙasar Hausa suka fi sani da "Chanis" galibinsu a Hong Kong aka shirya su, a hannun manyan kamfanoni biyu: Shaw Brothers, wanda aka kafa a 1958, da Golden Harvest, wanda Raymond Chow ya jagoranci kafa shi a 1970. A Golden Harvest ne Bruce Lee ya fito a The Big Boss a 1971, sai Fist of Fury da The Way of the Dragon a 1972. Ya rasu ranar 20 ga Yulin 1973 yana da shekara 32, kafin Enter the Dragon ya shiga sinima.

Zamanin kaset

Kamfanin JVC na Japan ya fito da kaset ɗin VHS a 1976, daga nan kallo ya fara ƙaura daga sinima zuwa falo. Sai dai kaset ya tauye fina-finan. An ɗauke su ne domin faffaɗan allon sinima, amma don su cika fuskar talabijin ta wancan lokaci sai aka riƙa yanke gefe da gefe, har kusan rabin hoton ya salwanta. Shi ya sa a tsohon kaset akan ga jarumi yana kai naushi, abokin karawarsa kuma ba ya cikin allo. An kuma sauya muryoyi zuwa Turanci, aka rage tsawon wasu. A Birtaniya, hukumar tace fina-finai ta yi shekaru tana cire wuraren da Bruce Lee ke wulwula sandunan nan biyu masu sarƙa, har zuwa ƙarshen shekarun 1990.

Shaharar Lee ta haifar da jabu. Bayan rasuwarsa an fito da 'yan wasa masu sunayen Bruce Li da Bruce Le da Dragon Lee, kuma an sha sayar da kaset ɗinsu da hotonsa a bango.

Gyara da sake fitarwa

Faifan VCD ya zo a 1993, DVD a 1996, Blu-ray kuma a 2006. Babban sauyi ya samu ne sa'ad da kamfanin Celestial Pictures ya sayi fina-finai 760 na Shaw Brothers, ya wanke hotunansu daga ainihin zaren fim, ya fara fitar da su a 2002. A lokacin ne masu kallo da dama suka fara ganin The 36th Chamber of Shaolin na 1978 da cikakken faɗinsa da harshensa na asali.

A 2020 kamfanin Criterion na Amurka ya tattara fina-finan Bruce Lee cikin kwali guda. A 2021 Arrow Video na Birtaniya ya fitar da Shawscope kashi na ɗaya, mai ɗauke da fina-finai 12.

Abin lura ga mai saye

An rarraba duniya shiyya-shiyya wajen faifai. A tsarin DVD Najeriya tana shiyya ta 5, Amurka ta 1, Hong Kong ta 3. A tsarin Blu-ray kuwa Afirka da Turai suna shiyyar B, Amurka da Hong Kong suna shiyyar A. Faifan da aka kulle ga wata shiyya ba zai yi aiki a na'urar wata shiyyar ba, sai in na'urar mai karɓar kowane faifai ce. Don haka ɗan kasuwar da zai yi odar Blu-ray zai fi samun sauƙi da bugun Birtaniya. Faifan 4K ba shi da wannan kulle.

Ya kamata kuma a duba bayan kwali: tsawon fim ɗin a mintoci, harsunan da ke ciki, da sunan kamfanin da ya ba da izini. Faifan da aka cusa wa fina-finai goma ko fiye an matse hotonsa ne, kuma yawanci kwafin tsohon bugu ne da aka riga aka yanke.