Yadda Muka Yi da Shan-inna

Muna yara, idan ƙafar yaro ta shanye, sai manya su ce Inna ce ta taɓa shi, a nufi gidan 'yan bori. Alhali ƙwayar cuta ce da ke shiga ta baki, ta kai laka, ta kashe jijiyoyin da ke kai umarnin ƙwaƙwalwa ga tsoka. Saƙo ya yanke, ƙafa ta motse.

Tun 1955 aka fara allurar rigakafin shan-inna ta Jonas Salk a Amurka, amma a 2003 jita-jita ta tsayar da rigakafi a Kano, yara suka gurgunce. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin aka ci gaba da rigakafin. A 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar ta bar Afirka. Iyaye, kada mu daina kai 'ya'yanmu rigakafi.