Karyayyar Jita da Likitan da Aka Ja a Ƙasa

Maƙalar wannan mako tarihi ce ta kamfanin jirgin sama guda ɗaya, United na Amurka, da yadda ya sha kunya a idon duniya har sau biyu cikin shekara takwas. A duka biyun, abin da ya fi ja masa tsiya shi ne maganar da ya yi bayan ɓarnar ta auku.

Ranar 31 ga Maris, 2008, wani mawaƙi ɗan Kanada mai suna Dave Carroll ya taso daga Halifax tare da 'yan ƙungiyarsa, za su wasa a jihar Nebraska. Jirginsu ya yada zango a Shikago. Suna zaune sai wata fasinja ta leƙa taga ta ce ga masu lodi can suna jifa da jita. Da ya isa masauki ya buɗe akwati, sai ya tarar da jitarsa ƙirar Taylor, ta dala 3,500, a karye.

Wata tara ya yi yana bin kamfanin. Wannan ofishi ya tura shi wancan, wancan ya ce ba huruminsa ba ne. Daga ƙarshe aka ce ba za a biya shi ko sisi ba, wai bai shigar da ƙorafi cikin awa 24 ba. Har sassautawa ya yi, ya ce a ba shi tikitin dala 1,200, daidai kuɗin gyara, aka ƙi. Sai ya shaida musu zai yi waƙa uku a kansu.

Waƙar farko, United Breaks Guitars, wato United na karya jita, ta hau YouTube ranar 6 ga Yuli, 2009. Cikin kwana guda an kalle ta kusan sau 150,000, kafin tsakiyar Agusta ta kai miliyan 5. Nan nake so mu ɗan tsaya, tunda sana'armu ce. Mutumin nan bai zagi kowa ba. Bai ce kamfanin azzalumi ne ba, bai tsine wa uwar kowa ba. Labari ya bayar daki-daki: ga inda muke, ga abin da muka gani, ga wanda na gaya wa, ga amsar da aka ba ni, cikin raha da kiɗa mai daɗin bi. Da zagi ya yi, da mutane sun ce fushi ne, su wuce. Da ya bar hujja ta yi magana, sai duk wanda aka taɓa wulaƙanta a gaban kanta ya ga kansa a ciki.

Kamfanin da ya yi wata tara yana cewa a'a, cikin 'yan kwanaki ya kira yana neman sulhu. Carroll ya ce ba ya son kuɗin, a ba da sadaka, United ta ba wata cibiyar koyar da kiɗa dala 3,000, ta kuma ce za ta riƙa nuna wa ma'aikatanta bidiyon. Akwai labarin da ake yawan maimaitawa cewa waƙar ta jawo wa masu hannun jari asarar dala miliyan 180. Jarida ce ta faɗa, amma masu nazari da yawa ba su yarda waƙar ce sila ba, don haka mai son kawo labarin nan a rubutunsa ya yi hattara da wannan adadi. Abin dariya kuma, a Oktoban shekarar United ta sake ɓatar masa da jaka, a hanyarsa ta zuwa gabatar da lacca kan kula da abokan ciniki.

A shekarun da suka biyo baya kamfanonin jirage sun koyi sauri. Sun zuba ma'aikata a Twitter da Facebook, dare da rana, masu amsa ƙorafi da janye mai ƙorafin zuwa saƙon sirri kafin jama'a su taru. Sai ga 9 ga Afrilu, 2017.

A filin jirgin na Shikago dai, jirgi mai lamba 3411 zai tashi zuwa Louisville, ya cika maƙil, fasinjoji sun zauna. Sai aka ce ana buƙatar kujeru huɗu don wasu ma'aikata. Aka yi tayin dala 400, aka ƙara zuwa 800, kuma ba tsabar kuɗi ba, takardar da sai a jirginsu za ta yi amfani. Ba wanda ya tashi. Aka zaɓi mutum huɗu, uku suka sauka. Na huɗun, Dakta David Dao, ɗan shekara 69, haifaffen Biyetnam, ya ce yana da marasa lafiya da zai duba washegari. Aka kira jami'an tsaron filin jirgi suka fizge shi daga kujera, suka ja shi a ƙasa baki duk jini. Hancinsa ya karye, haƙori biyu suka fita, ya samu buguwa a ƙwaƙwalwa. Carroll sai da ya haura shekara kafin duniya ta ji shi. Wannan karon, kafin gari ya waye bidiyon da fasinjoji suka ɗauka da waya ya bazu, daga baya ya isa har shafin Weibo na ƙasar Sin.

Washegari shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ya fitar da sanarwa. Ya ba da haƙuri a kan abin da ya kira sake wa fasinjoji mazauni. Jama'a na kallon dattijo ana jan sa kamar buhu, shi kuma yana cewa an sake masa mazauni. Da yammacin ranar ya rubuta wa ma'aikata wasiƙa yana cewa sun bi ƙa'ida, ya kira likitan mai tada husuma. Wasiƙar ta fito fili, kamar yadda irinta ke fitowa. A ganina wannan kalma ta fi jinin yi wa kamfanin illa, domin jan mutum a ƙasa jami'an tsaro ne suka yi, kalmar kuwa daga ofishin shugaba ta fito bayan an zauna an tace ta. Wata guda kafin nan mujallar PRWeek ta karrama Munoz ɗin a matsayin gwanin sadarwa na shekara.

Sai ranar 11 ga wata ya fito ya ce abin da ya faru mummuna ne, ba wanda ya cancanci a yi masa haka, alhakin kuma nasu ne. Jimlolin gajeru ne, babu kwana-kwana, sai dai sun makara da kwana biyu. Aka mayar wa duk fasinjojin jirgin kuɗin tikitinsu. Ranar 27 ga Afrilu United ta sasanta da Dao a kan kuɗin da ba a bayyana ba, ta kuma sanar da sababbin dokoki: wanda ya riga ya zauna ba za a tilasta masa sauka don a ba wani kujerarsa ba, ba za a kira jami'an tsaro ba sai a kan batun tsaro, mai sadaukar da kujerarsa kuma ana iya ba shi har dala 10,000. Kamfanin Southwest ya ce ya daina sayar da tikitin da ya wuce yawan kujeru. Ranar 2 ga Mayu Munoz ya gurfana gaban kwamitin majalisar wakilan Amurka, kuma shugabancin hukumar gudanarwar kamfanin da aka tsara ba shi a 2018 bai samu a lokacin ba.