Tijarar Abincin Karnuka a Ingila da Haƙƙin Ɗan Kwikwiyo

Kafin tsakiyar ƙarni na goma sha tara, galibi kare a ƙasar Ingila ba ya da wani abinci nasa na musamman, face ragowar gida da ƙasusuwa da naman tsofaffin dawaki da 'yan talla ke yawo da shi a titunan Landan. A wajen shekarar 1860 ne wani Ba'amurke mai suna James Spratt, wanda ya zo daga Ohio yana sayar da ƙarafan da ake kafawa bisa soraye don tsare su daga aradu, ya canza wannan hali. An ruwaito cewa ya ga karnuka a bakin tashar jiragen ruwa suna wawason busasshen biskit ɗin da matuƙa suka zubar, sai ya haɗa garin alkama da kayan lambu da nama ya gasa, ya fara sayar wa masu hali da ke kiwon karnukan farauta.

Hajar ba ta da wani sirri, domin kowane mai tanda zai iya yin irinta. Abin da ya ɗaukaka ta shi ne talla. A 1865 wani yaro mai suna Charles Cruft ya kama aiki a gidan Spratt, kuma da sannu ya hau har ya zama babban manaja, saboda ya fahimci abin da sauran 'yan tijara ba su fahimta ba, wato cewa mutum ba zai fid da kuɗi ya sayi abinci na daban don kare ba, sai fa idan ya ɗauki karen nan a matsayin dabba mai nasaba da daraja, wadda za a yi alfahari da ita a bainar jama'a. A lokacin an riga an fara gasar nuna karnuka, ta farko a Newcastle a 1859, sa'an nan a 1873 aka kafa Kennel Club don rubuta nasabar kowane jinsi. Cruft ya riƙa bin wuraren gasa yana ƙulla zumunci da masu kiwo, kamfaninsa yana ciyar da karnukan yana liƙa sunansa ko'ina, har a 1891 ya buɗe gasa da sunan kansa a Islington, inda Sarauniya Victoria ma ta aika da karnukanta. Tun daga ranar, cinikin abinci da cinikin nasaba suka zama Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Abin lura shi ne, a shekarar nan ta 1860 kuma a birnin Landan, wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe mafaka a unguwar Holloway don karnukan da suka ɓata ko yunwa ta galabaitar, jaridar The Times tana yi mata ba'a, ita kuwa ba ta fasa ba. Bayan rasuwarta aka mai da gidan Battersea a 1871, kuma har yau yana nan yana karɓar waɗanda aka yasar yana nema musu iyayen gida. A ganina aikinta ya fi na Cruft nauyi a mizani, ko da yake sunansa ya fi nata yawo a duniya.

Sauran labarin abincin gajere ne. A Amurka aka fara zuba naman doki a gwangwani da sunan Ken-L Ration a 1922. Yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarancin ƙarfen gwangwani, aka koma ga busasshen abinci. Rediyo da talabijin suka ɗauki tallan suka shigar da shi kowane ɗaki. Hoton da aka fi so kuwa shi ne ɗan kwikwiyo mai sheƙi yana wasa da yara, alhali ba a nuna uwar da ta haife shi, balle wurin da aka haife shi.

A nan ne ɓarna ta shigo, gama talla tana haifar da sha'awa cikin dare ɗaya, amma karya ba ta haihuwa sai bayan wata biyu na ciki, kuma ɗanta na bukatar aƙalla mako takwas a gefenta kafin a raba su. Da masu so suka fi abin da ke akwai yawa, sai waɗansu marasa imani suka buɗe gonakin kwikwiyo, inda ake tsare karya a keji cikin duhu da ƙazanta, ana sa ta haihuwa ba hutu har ƙarfinta ya ƙare, a kwashe 'ya'yan tun ba su isa yaye ba a miƙa wa dillalai da kantuna, mai saye kuwa ya biya kuɗi mai yawa ya kai gida dabba mai cuta da firgici, bayan 'yan watanni ya gaji ya yasar. Saboda haka ne a 1978 ƙungiyar da yanzu ake kira Dogs Trust ta fito da nata tallan, tana tunatar da jama'a cewa kare amana ce ta tsawon rayuwarsa, ba kyautar Kirsimeti ce da ake jefarwa bayan biki ba.

Ita nasabar ma da aka gina tijarar a kanta ba ta tsira daga tuhuma ba. A 2008 tashar BBC ta nuna wani shiri da ya bayyana yadda haɗa dangi na kusa, don neman siffar da alƙalan gasa ke so, ya haifar da karnukan da ba sa iya numfashi yadda ya kamata, da waɗanda ƙoƙon kansu ya yi wa ƙwaƙwalwarsu kaɗan. BBC ta daina nuna gasar Crufts, ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta RSPCA ta janye, kamfanin abincin karnuka na Pedigree ya daina ɗaukar nauyinta bayan fiye da shekara arba'in, Kennel Club kuma ta hana rajistar ɗan da aka samu tsakanin uwa da ɗanta ko wa da ƙanwa. Daga ƙarshe doka ta shigo a kan gonakin kwikwiyo: tun 6 ga Afrilu 2020 haramun ne a Ingila dillali ko kanti ya sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba, sai dai a je wurin mai kiwon a ga ɗan tare da uwarsa, ko kuwa a karɓo daga mafaka. An sa wa dokar sunan Lucy, wata karya da aka ceto daga irin gonar nan a Wales a 2013.

Mu Musulmi da shari'armu ta yi rangwamen riƙon kare don farauta da kiwo da tsaron gona, kuma malamanmu suka karantar da mu cewa an gafarta wa wani bawan Allah don ya shayar da kare mai ƙishirwa, ba mu da uzurin jahiltar wannan haƙƙi. Duk wanda zai ɗauki ɗan kwikwiyo, to, kada hoto ya ruɗe shi ko dillali ya gaggauta shi. Ya je da ƙafarsa ya ga uwar da makwancinta, ya bari ɗan ya cika mako takwas, ya kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin haukan kare, kuma ya auna ko zai iya ciyar da shi shekara goma ko fiye. In ya ga ba zai iya ba, ya bar shi wurin uwarsa.